Idan Mita Ta Saɓa wa Takarda: Yadda Ake Koyar da Injiniyan Lantarki a Ɗakin Gwaji

A ba ɗalibin shekarar farko resista biyu, wato ƙananan kayan da ke turje wa kwararar lantarki, kowacce mai turjiyar om miliyan ɗaya, a ce ya jera su ɗaya bayan ɗaya a kan bolt 10, sannan a tambaye shi bolt nawa zai samu a mahaɗarsu. Kafin ka rufe baki zai ce biyar. Kuma bai yi kuskure ba, don dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 da dokokin Kirchhoff na 1845 duk suna bayansa. Sai ya ɗauko mita ya ɗora, allonta ya nuna 4.76.

Abin da zai faru a mintuna biyar masu zuwa shi ke nuna ko ana koyarwa a ɗakin nan ko zaman cika lokaci ake yi. Wani ɗalibin zai rubuta 5 a rahotonsa ya wuce, don ya san abin da malam yake so ya gani. Wani zai rubuta 4.76 da gaskiyarsa, ya ɗora jimlar nan da duk mai duba rahoton ɗalibai ya gaji da ita, wai bambancin ya fito ne daga "kuskuren ɗan Adam". Ƙalilan ne za su tsaya su ce ruwa ba ya tsami banza. Su ne za su gano cewa mitar da kanta ta shiga cikin da'irar. A cikinta akwai turjiya ta kusan om miliyan goma, kuma da zarar an ɗora ta sai ta buɗe wa lantarki hanya ta biyu a gefen resistar ƙasa. In aka sauya resistocin da masu om miliyan goma-goma, mitar za ta nuna 3.33. Mitar lafiyarta ƙalau, Ohm ma bai yi ƙarya ba. Zanen da ke kan takarda ne bai cika ba, tunda ba a zana abin awon a cikinsa ba.

A ganina amfanin ɗakin gwaji ga mai koyon injiniyan lantarki yana cikin wannan ɗan gibin da ke tsakanin biyar da 4.76. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin gwaje-gwajen da ake ba ɗalibai an tsara su ne musamman don kada gibin ya bayyana.

Fannin nan da kayan aiki aka haife shi. A 1882 makarantar fasaha ta Darmstadt da ke Jamus ta kafa kujerar farfesa ta farko a injiniyan lantarki, ta ba Erasmus Kittler, a shekarar da jami'ar fasaha ta MIT a Amurka ta fara koyar da fannin a ƙarƙashin sashen fiziks. Tun 1869 Edward Pickering ya buɗe ɗakin gwajin fiziks a MIT inda ɗalibai ke yin awo da hannunsu maimakon kallon malam yana yi. Ɗaliban wancan zamani sun shafe sa'o'i masu yawa a gaban injuna. Bayan yaƙin duniya na biyu ne sikelin ya karkata. An lura cewa manyan ayyukan lantarki na lokacin yaƙi, irin su na'urar rada, masana fiziks da lissafi ne suka ja ragamar yawancinsu, sai rahoton Grinter na 1955 ya nemi makarantun injiniya a Amurka su ƙara wa manhajarsu kimiyya da lissafi. Gyaran ya yi amfani, amma ɗakin gwaji ya biya farashinsa. Daga wurin da ake koyon sana'a ya koma ɗan rakiyar lacca: a koya maka doka ranar Litinin, ka je ranar Laraba ka "tabbatar" da ita.

Daga nan ne gwajin bi-layi ya samu gindin zama. Kowa da ya ratsa makarantar injiniya ya san shi. Littafi ya ce haɗa da'irar hoto na uku, saita abin ba da wuta a bolt kaza, auna nan, rubuta a gida na biyu na jadawali, ƙara bolt ɗaya, sake aunawa, zana layi. Malamai ba don lalaci kawai suke riƙe da wannan salo ba. Yana da sauƙin shiryawa ga ɗalibai ɗari biyu, kaya ba sa yawan ƙonewa, ana gamawa cikin sa'o'i uku, kuma mataimakin malami yana iya duba rahoto da takardar amsa a gefensa. Matsalarsa guda ce, kuma babba ce: duk wata shawara da ke buƙatar tunani an riga an yanke ta kafin ɗalibi ya shigo. Wani ne ya zaɓi ƙimar resista, wani ya zaɓi inda za a auna, wani ya tabbatar cewa adadin da za a samu zai dace da lissafi. Hannun ɗalibi yana aiki, kansa yana hutawa.

Akwai shaida a kan haka daga maƙwabcin fanni. Natasha Holmes da Carl Wieman da abokan aikinsu sun wallafa bincike a 2017 kan darussan fiziks tara a jami'o'i uku na Amurka, inda gwajin da ke rakiyar lacca na zaɓi ne. Sun duba yadda waɗanda suka shiga gwajin da waɗanda ba su shiga ba suka amsa tambayoyin jarrabawa kan batutuwan da gwajin ya taɓa. Ba su ga wani ƙarin da za a iya aunawa ba. Ana yawan cewa gani ya kori ji, kuma malaman injiniya suna son wannan magana. Amma wannan binciken ya nuna cewa ganin abin da aka riga aka faɗa maka za ka gani ba ya ƙara komai a kan jin. In burin gwaji kawai ya ƙarfafa abin da aka ji a lacca, akwai hanyoyi masu araha da suka fi shi.

To mene ne burin, in ba wannan ba? An taɓa zama takanas don amsa wannan tambaya. A watan Janairun 2002 hukumar ABET, mai tantance makarantun injiniya a Amurka, ta tara malamai a San Diego, saboda karatu daga nesa ya taso kuma ba wanda ya iya cewa ko gwaji ta intanet zai maye gurbin na ɗaki, tunda ba a taɓa rubuta abin da na ɗakin yake koyarwa ba. Suka fito da manufofi 13, waɗanda Lyle Feisel da Albert Rosa suka yi bayaninsu a wata maƙala ta 2005. Abin lura shi ne irin abubuwan da ke cikin jerin: iya zaɓar kayan awo da sarrafa su, gane iyakar siffofin lissafi wajen hasashen abin da zai faru a zahiri, tsara gwaji da kai, koyo daga abin da ya ƙi aiki, amfani da gaɓoɓin ji kamar ido da hanci da kunne, kiyaye lafiya, da gaskiya wajen ba da rahoto. Gwajin bi-layi da ƙyar yake taɓa uku daga ciki, kuma gaskiyar rahoton ma yana iya lalata ta, don yana saka wa mai rubuta 5 fiye da mai rubuta 4.76.

Ya kamata a ɗan daɗe a kan abin da kayan zahiri ke koyarwa, don a nan ne fannin lantarki ya bambanta da wasu. Mai koyon gine-gine yana ganin ƙarfe yana lanƙwasa da idonsa. Mai koyon lantarki ba ya ganin komai sai abin da na'urar awo ta faɗa masa, saboda haka duk saninsa ya rataya ne a kan yadda ya fahimci halin na'urar. Ɗauki na'urar samar da sigina. Yawancinsu suna da turjiyar om 50 a bakin fita, kuma da yawa an saita su ne da zaton za a haɗa su da kaya mai om 50. Ɗalibi ya saita bolt ɗaya, ya kai osiloskop, na'urar da ke zana siffar sigina a kan allo, ya ga bolt biyu, ya rantse cewa ɗaya daga cikin na'urorin ta lalace. Ko ɗan kamun ƙasa da ke jikin tsinken osiloskop, wanda a na'urorin da ke aiki da wutar gini yana haɗe da wayar ƙasa ta ginin. Wanda bai san haka ba zai maƙala shi duk inda ya ga dama kamar yadda yake yi da baƙar wayar mita, ya gajarce wani sashen da'irar ba tare da ya sani ba, in kuma da'irar tana ɗauke da wuta mai ƙarfi sai tartsatsi. Tsinken kansa yana ɗauke da ɗan halin kafasita, wato halin tara ɗan caji, allon da ake cusa wayoyi ma haka, kuma waɗannan da ba su da suna a zane su ne ke sa siginar da ya kamata ta tashi tsaye ta fito da gefe a karkace.

Kayan haɗin ma haka suke. Resista mai zoben zinare tana iya kauce wa adadin da ke jikinta da kashi 5 cikin ɗari, kafasita mai ruwan sinadari da kashi 20. Dayod, wanda ke barin lantarki ya bi gefe ɗaya kawai, ba ya buɗewa kwatsam a bolt 0.7 kamar yadda aka sauƙaƙa a aji, a hankali yake buɗewa, kuma zafi yana sauya masa hali. Misalin da na fi so shi ne ƙaramin amfilifaya, wato guntun da ke ƙara wa sigina ƙarfi, mai lamba 741, wanda kamfanin Fairchild ya fitar a 1968 kuma har yau ana koyarwa da shi. Masu aikin zamani suna yi masa dariya don ya tsufa, amma tsufan ne amfaninsa a aji. A lacca ana koyar da amfilifaya cikakke marar aibi. Shi kuwa 741 ba ya iya sauya abin da yake fitarwa da saurin da ya wuce kusan rabin bolt a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ka nemi ya fitar da igiya mai tsayin bolt 10, ka riƙa ƙara saurin juyinta, da ta kai wajen juyi dubu takwas a daƙiƙa sai ka ga igiyar mai lanƙwasa ta fara komawa mai kusurwa kamar haƙoran zarto. Ɗalibin da ya ga wannan a kan allo, ya koma takardar bayanin kamfani ya nemo lambar da ta bayyana shi, ya koyi abu biyu a lokaci guda: cewa kowace siffar lissafi tana da iyaka, da kuma cewa iyakar a rubuce take ga wanda ya san inda zai duba.

Hanyoyin da suka fi amfani duk suna zagaye ne a kan abu ɗaya, wato mayar wa ɗalibi shawarwarin da littafin bi-layi ya ƙwace masa. Mafi araha a cikinsu shi ne hasashe kafin awo. Kafin a kunna wuta, kowa ya rubuta da biro adadin da yake tsammani da dalilinsa, sannan a auna, sannan a yi bayanin bambancin. Richard White da Richard Gunstone sun yi wa wannan salo cikakken bayani a 1992, kuma ba ya buƙatar sayen komai. Ƙarfinsa yana cikin rubutawar. Wanda bai rubuta komai ba, duk abin da mita ta nuna zai gyaɗa kai ya ce haka yake zato. Wanda ya rubuta 5 da hannunsa ba shi da mafaka idan ya ga 4.76.

Sai kuma dasa matsala da gangan. A ba ɗalibai da'irar da aka riga aka haɗa, amma an juya tiransisto, ko an sa resista mai om dubu ɗari a gurbin mai dubu goma, ko an sa wayar da ta tsinke a cikin robarta, a ce su nemo. A nan ne ake ganin bambancin wanda ya iya da wanda bai iya ba. Sabon shiga yakan fizge komai ya sake haɗawa, ko ya riƙa sauya kaya ɗaya bayan ɗaya da fatan dacewa. Wanda ya ƙware yana fara duba ko wuta tana isa inda ya kamata, sannan ya raba da'irar gida biyu, ya auna a tsakiya, ya san ɓangaren da laifin yake, ya sake raba shi. Wannan dabara ana iya koyar da ita kamar yadda ake koyar da kowace doka, amma manhajoji kaɗan ne suke ware mata mako ko ɗaya. Ana barin ɗalibi ya tsince ta da kansa, alhali babban kaso na rayuwar injiniya a wurin aiki farautar matsala ce.

Mataki na gaba shi ne a ba da buƙata a hana zane. Maimakon "haɗa hoto na uku", sai a ce: ga sigina mai ɗauke da hayaniya, muna son abin da zai bar duk abin da ke ƙasa da juyi 160 a daƙiƙa ya wuce, ya danne na sama, ga akwatin kaya. Ɗalibi zai yi lissafi ya sami ƙimar da babu ita a akwatin, ya koyi cewa ana ƙera kaya ne a kan wasu adadi sanannu, ya zaɓi resista mai om dubu goma da kafasita mai nanofarad ɗari, ya ga sun ba shi kusan 159, ya yanke hukunci da kansa cewa hakan ya wadatar. Wannan hukuncin, na cewa abu ya isa ko bai isa ba, shi ne zuciyar aikin injiniya. Wasu makarantu sun gina dukan karatunsu a kansa. Jami'ar Aalborg a Danmak tun kafuwarta a 1974 take ba ɗalibai babban aikin rukuni a kowane zangon karatu, kuma tsarin CDIO da MIT ta fara da jami'o'i uku na Suwidin a 2000 yana neman ɗalibi ya bi abu daga tunani zuwa zane zuwa ƙira zuwa aiki da shi.

Sai dai a nan akwai rami, kuma malamai masu zumuɗi suna faɗawa. Jin cewa bi-layi ba shi da amfani sai su tsallaka ɗaya gefen, su zube wa ɗan shekarar farko kaya su ce ya gano da kansa. Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun yi kashedi a kan haka a wata maƙala ta 2006: sabon shiga ba shi da isasshen sani da zai yi bincike da shi, kansa zai cika da ƙananan abubuwa ya rasa babban. Wanda bai san yadda ramukan allon haɗawa suke haɗe ta ƙasa ba, ko yadda ake tsayar da hoton da ke gudu a kan osiloskop, ba zai gano dokar komai ba, zai ƙare sa'o'i uku yana faɗa da maɓallai. Sarrafa na'ura abu ne da ya kamata a nuna mataki-mataki, a maimaita har hannu ya saba. Laifin bi-layi shi ne ci gaba da shi har shekara ta huɗu. Tsarin da ya dace yana fara da cikakken umarni, ya riƙa zare shi kaɗan-kaɗan: yau an cire jadawali ka tsara naka, gobe an cire ƙimar kaya, jibi an cire zanen gaba ɗaya.

Muhawarar kwaikwayon kwamfuta ta fi yadda ake ɗaukarta sarƙaƙiya. Tun da Laurence Nagel da Donald Pederson suka fitar da SPICE, manhajar da ke kwaikwayon aikin da'ira, a jami'ar Berkeley a 1973, manhajojin da suka tsiro daga gare ta, irin su LTspice da ake samu kyauta, sun zama kayan aikin yau da kullum, kuma babu mai ƙera guntun lantarki a yau ba tare da kwaikwayo ba. Masu kishin taɓawa da hannu suna so a ce kwamfuta ba ta kai kayan zahiri ba, amma shaida ba ta ba su gaskiya ɗari bisa ɗari. A binciken da Noah Finkelstein da abokansa suka wallafa a 2005 a Jami'ar Colorado, ɗaliban da suka yi gwajin da'ira a manhajar PhET sun fi waɗanda suka yi da batir da ƙwan fitila na gaske fahimtar batun, har ma sun fi su saurin haɗa da'ira ta zahiri daga baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajar tana nuna kwararar lantarki a ido, kuma ba ta da sakakkiyar waya ko mataccen batir da zai ɗauke hankali. Wato don fahimtar ra'ayi, tsaftar kwaikwayo alheri ce. Amma wannan tsaftar ce kuma iyakarta. Manhaja ba ta nuna sai abin da aka gaya mata. Za ta bar ka ka tura wat biyar cikin resista mai rubu'in wat ba tare da hayaƙi ba, kuma guntun da ka manta ka sa wa ƙaramar kafasita a kusa da ƙafar wutarsa zai yi aiki lafiya a kan allo, ya ƙi zama a kan tebur. Shi ya sa jerin da ya fi koyarwa shi ne lissafi da hannu, sannan kwaikwayo, sannan haɗawa, a ajiye adadi ukun gefe da gefe a nemi bayanin saɓaninsu.

Gwaji daga nesa yana tsakiya. A 1998 Jesús del Alamo ya buɗe wa ɗaliban MIT hanyar auna halayen tiransisto na gaske ta intanet, kuma tsarin VISIR na cibiyar fasaha ta Blekinge a Suwidin yana barin ɗalibi ya ja wayoyi a kan allon kwamfutarsa, wasu maɓallai masu sarrafa kansu su haɗa kayan gaske a can, a turo masa awon. Adadin da yake gani na zahiri ne, da hayaniyarsa da kaucewarsa. Amma tsarin yana duba da'irar kafin ya haɗa, ya ƙi duk wadda za ta lalata kaya, don haka ɗalibin ba zai taɓa ƙona komai ba, ba zai ji ƙaurin resista ba, ba zai taɓa tiransisto ya ji ya yi zafi ba. Ƙananan na'urorin aljihu irin su Analog Discovery da ADALM2000 da myDAQ sun bi wata hanyar daban: osiloskop da abin samar da sigina da abin ba da wuta duk a akwati ɗaya da ake jona wa kwamfutar tafi-da-gidanka. Rufe makarantu a 2020 ya sa sun bazu sosai. Babban abin da suka sauya shi ne lokaci. Ɗalibin da ke da kaya a ɗakinsa yana iya kuskure sau goma cikin dare ba tare da wani yana kallon agogo ba, kuma shi kaɗai ne, ba abokin da zai ɓuya a bayansa.

Waɗannan duka suna aiki ne a 'yan bolt kaɗan. Ɗakin injuna da wuta mai ƙarfi wata duniya ce, kuma ban ga abin da zai maye gurbinsa ba. Mutum ya tsaya kusa da moto mai layi uku lokacin tashinsa, ya ga allurar mita ta harba zuwa ninki biyar ko bakwai na abin da yake ja a aikin yau da kullum kafin ta sauko. Ya yi gwajin taransfoma a buɗe da kuma a gajarce, ya gane da hannunsa a kan maɓalli me ya sa na biyun ake fara shi daga sifili a ɗaga a hankali. Ya haɗa janareta da layi yana kallon fitilu suna haske suna dushewa, yana jiran lokacin da za su mutu gaba ɗaya ya rufe makunni. A nan kuma koyo daga kuskure yana da iyaka. Moton wutar batir da aka yanke wa wayar maganaɗisu yana iya gudu har ya tarwatse, kuma buɗe bayan taransfomar awo alhali layi yana ɗauke da kaya yana haifar da boltej mai kisa. Kwararar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake saita na'urar kare rai ta yanke wuta a miliamfiya 30. Dokar nan ta cewa ba mai kunnawa sai malami ya bi wayoyi da idonsa tana nan daram, kuma ita kanta darasi ce, don a wurin aiki ma haka ake yi. Abin da za a iya sakar wa ɗalibi a nan shi ne tunanin da ke gaban kunnawa: ya zana haɗin, ya zaɓi mita da girman awonta, ya faɗi abin da zai iya lalacewa da yadda zai kashe in ya faru.

Duk wannan gyara yana rushewa idan hanyar ba da maki ba ta sauya ba. Rukunin mutum uku ko huɗu a tebur ɗaya kusan kullum yana rabuwa iri ɗaya: ɗaya yana haɗawa, ɗaya yana rubutawa, sauran suna kallo, kuma wanda ya zo da ɗan sani tun farko shi ke riƙe wayoyi har ƙarshen zango. Rahoton da ake miƙawa bayan mako guda ba ya fallasa wannan, ballantana yanzu da rahoton bara yake yawo a wayoyin ɗalibai kuma manhajoji suna rubuta bayani mai kyau cikin daƙiƙu. Ana iya kammala digiri da maki mai kyau a gwaji ba a taɓa saita osiloskop ba. Maganin da aka sani shi ne jarrabawar aiki ta mutum ɗaya-ɗaya: minti ashirin ko talatin, ga kaya, haɗa wannan, auna wancan, ga da'ira mai matsala nemo ta. Tana cin lokacin malamai, amma da zarar ɗalibai sun san tana tafe, 'yan kallo suna fara miƙa hannu tun makon farko. Littafin aiki da ake rubutawa da biro a lokacin gwaji, a sa masa hannu kafin a fita, shi ma ya fi dogon rahoto faɗin gaskiya, musamman in akwai maki ga wanda ya rubuta abin da ya ƙi aiki da yadda ya bi sawunsa.

Sauran nauyin yana kan mutumin da ke yawo tsakanin tebura, wanda galibi ɗalibin babban digiri ne ko ma'aikacin da ke kula da kaya, kuma da wuya a koya masa koyarwa. Rukuni ya ɗaga hannu ya ce ba ta aiki, shi kuma ya hango tun daga nesa cewa ƙafar guntun ba ta shiga rami ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya danna ta ya wuce, akwai tebura goma suna jiransa. Da ya yi haka ya ɗauke musu darasin ranar. Abin da ake so ya saba da shi shi ne ya goya hannuwansa a baya ya yi tambaya uku: me kuke tsammanin gani a wannan ƙafar, me kuka gani, kuma ina ne wuri na ƙarshe da siginar take daidai? Rukunin zai ɗauki minti ashirin a kan abin da shi zai gyara cikin daƙiƙa biyar, kuma mai yiwuwa ba za su kai sashe na ƙarshe na gwajin ba kafin a tashi. Sai in takardar ba da maki ta yarda da gwajin da bai ƙare ba amma aka bi matsalarsa har gindinta, sannan mataimakin zai iya barin hannuwansa a baya.